Ruwan da ke ɓoye rama: tarihin ciwon zuciya a karkarar Kano

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon zuciya da ya daɗe a jiki ya san abubuwa biyu da ke tafiya tare. Ƙafafu da ciki suna cika da ruwa, kafaɗu da damatsa kuma suna zubewa. Na farkon shi ke tayar da hankalin dangi, domin ana ganinsa daga nesa, takalmi ya ƙi shiga, majinyaci ya kasa kwanciya sai a jingine. Na biyun yana tafiya a ɓoye ƙarƙashin riga da mayafi, sikeli ma yakan rufa masa asiri, tunda nauyin ruwan da ya taru yana maye gurbin naman da ya tafi. Likitanci ya ɗauki ƙarnoni yana yaƙi da kumburi kafin ya gane cewa ramar da ke ƙarƙashinsa ita ce babbar alamar ajali. Wannan tarihi ya ratsa ta Girka da Ingila da Amurka, ya kuma ratsa ta Zariya da Yamai da Sakkwato da Kano, kuma ƙauyukan arewacin Kano suna cikin wuraren da darasinsa ya fi shafa.

Abin da mutanen da suka gani

Rubuce-rubucen da ake jingina wa Hippocrates, likitan Girka wanda littattafan Larabci ke kira Buƙrat, sun bayyana wannan hali fiye da shekara 2,000 da suka wuce: majinyacin da namansa ke narkewa kamar yana komawa ruwa, ciki da ƙafafu su kumbura, ƙirji da cinyoyi su bushe. Daga Girkanci aka samo sunan da likitoci ke kiran irin wannan rama da shi har yau, wato kakeksiya, ma'anarsa mummunan halin jiki.

Sai dai hankalin masu magani ya tafi ga ruwan. A 1785 William Withering, wani likita a Birmingham ta Ingila, ya wallafa bayanin yadda ganyen wani tsiro ke sa masu kumburi fitsari har su saɓe. Daga dangin wannan tsiro aka samo digoksin da asibitocinmu ke bayarwa har yanzu. A shekarun 1960 aka fito da furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, maganin fitsari mai ƙarfi da ke iya fitar da lita da yawa cikin 'yan kwanaki. Zuwansa ya sauya ɗakunan jinya. Ya kuma tone abin da ruwa ya binne, domin da kumburi ya sauka sai a ga ainihin abin da ya rage na mutum. Har gobe za ka ji dangi suna cewa maganin asibiti ne ya ramar da majinyacinsu, alhali ramar ta riga maganin zuwa da watanni.

A 1964 likitoci biyu a Amurka, Pittman da Cohen, suka yi dogon nazari a kan dalilin wannan rama. Bayaninsu ya tsaya ne a kan ƙarancin iskar da jini ke kai wa gaɓoɓi, da toshewar sha'awar abinci, da gazawar hanji wajen tsotse abin da aka ci. Duk waɗannan gaskiya ne. Zuciyar da ta gaza tana sa jini ya taru a hanta da hanji, hanta ta kumbura ta danne ciki, mutum ya ci loma uku ya ji ya ƙoshi, abin da ya shiga kuma bangon hanjin da ya jiƙe da ruwa ya kasa karɓarsa duka. Amma bayanin bai amsa wata tambaya ba: me ya sa ko an ɗura wa irin wannan majinyaci abinci, tsokarsa ba ta dawowa yadda ta mai yunwa ke dawowa?

Ƙasar da ba ta hutawa

Kafin mu bi amsar, ya kamata mu san ƙasar da muke magana a kanta. Wanda ya bar Kano ya nufi Dawakin Tofa ko Minjibir ko Bichi ko Ɗambatta zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, gawo da ɗorawa da kuka a tsaitsaye, gidaje a warwatse a tsakani. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson, na sashen nazarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, suka wallafa bincike a kan wannan yanki da ke kewaye da birni, inda ɗaruruwan mutane ke zaune a kowace murabba'in kilomita kuma ake noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne taki, wanda jakuna suka daɗe suna ɗaukowa daga birni a mangala, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya guda, da kuma aikin hannu marar yankewa.

Wannan yana nufin jarin gidan manomi a nan tsoka ce. Da ita ake huɗa da noma da girbi, da ita mata ke surfe da daka da jan ruwa a rijiya. Ciwon da ke cin tsoka yana cin abin da gida ke rayuwa a kai. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 9, aka wallafa a 2012, wanda asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya shiga cikinsa, ya duba majinyata kimanin 1,000 da aka kwantar saboda gazawar zuciya. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne babban sanadi. A Turai ciwon na 'yan shekara 70 ne da suka bar aiki. A nan yana kama magidanci da ke da 'ya'ya a gabansa, yana kuma kama matar da ba ta kai 30 ba.

Akwai wani abu da tarihin yankin ya dasa a zukata. Mutanen karkarar Kano sun san rama, kuma sun san ta ne ta hanyar yunwa: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin farkon shekarun 1970, da ƙuncin da ke zuwa kowace shekara tsakanin ƙarewar rumbu da fitowar sabon gero. Yunwa mai tsanani ita ma tana kawo rama haɗe da kumburi. Saboda haka idan mutum ya rame, fassarar da ta fi kusa ita ce bai ci ba ne, ko shayarwa ce ta tsotse ta, in kuma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a koma ga batun sammu. Zuciya ba ta cika zuwa a lissafi ba.

Zariya: lokacin da aka tuhumi kanwa

Babi mafi shahara na tarihin ciwon zuciya a ƙasar Hausa an rubuta shi ne a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Farfesa Eldryd Parry, ɗan Birtaniya, ya zo can a 1969, shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura da wani abu da ba su saba gani a ko'ina ba: mata matasa suna zuwa 'yan makonni bayan haihuwa da haki da kumburi, zuciyarsu ta buɗe ta gaza. A rahotonsu na 1978 sun bayyana mata 224. Kusan dukkansu Hausawa ne ko Fulani, ciwon ya fi yawa a watannin zafi da farkon damina, kuma sun ƙiyasta cewa yana kama kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100 a tsakanin matan Hausawan Zariya. Babu wani wuri a duniya da aka taɓa ba da rahoton adadi mai yawan wannan.

Da suka nemi dalili sai suka tsaya a kan al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana 40 ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Kanwa, wadda fatake suka yi ƙarnoni suna kawowa Kano daga Manga da gaɓar tafkin Chadi, cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishirin miya. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya ƙara wa zuciya aiki. A ganinsu, zuciyar mai jego tana nitsewa ne a ƙarƙashin kayan da ya fi ƙarfinta. A 1979 John Sanderson da Adesanya da Anjorin da Parry suka ƙarfafa wannan ra'ayi da na'urar hoton zuciya, da aka sake bibiyar matan bayan fiye da shekara 20 kuma aka tarar da yawansu sun kamu da hawan jini.

Aikin Zariya ya ceci rayuka, kuma gargaɗinsa a kan yawan kanwa ga mai raunin zuciya yana nan daram. Amma ya bar gado mai nauyi. Littattafan likitanci na duniya suka haddace cewa ciwon matan Hausa al'adarsu ce ta jawo musu, kuma duk labarin ya zama na ruwa da gishiri. Jikin matar da ke ƙarƙashin kumburin, nauyinta kafin ta ɗauki ciki, abin da take ci, tazarar haihuwarta, duk suka koma gefe.

Daga sammore zuwa zuciya

Amsar tambayar da bayanin 1964 ya bari a buɗe ta fito daga inda ba a zata ba, daga cutar da kowane makiyayi ya sani. Sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, tana ramar da saniya har ta zama ƙashi da fata ko da ciyawa na gabanta. Wannan ne ya ja hankalin Anthony Cerami na Jami'ar Rockefeller a New York. Shi da abokan aikinsa suka gano cewa jikin dabbar ne da kansa ke fitar da wani sinadari don yaƙar cuta, sinadarin kuma ya juya yana narkar da kitse da nama. Suka sa masa suna kakektin. A 1985 Bruce Beutler da Cerami suka nuna cewa shi ne sinadarin da masu binciken ciwon daji suka riga suka sani da suna TNF.

A 1990 Levine da Milton Packer da abokansu suka auna jinin masu gazawar zuciya mai tsanani, suka tarar TNF ya hau, kuma ya fi hawa a jikin waɗanda suka rame. Daga nan hoton ya fara cika. Idan zuciya ta gaza, jiki yana ɗaukar abin a matsayin hatsari, sai ya saki sinadaran firgita irin su adirenalin da anjiyotensin don riƙe bugun jini. A hatsarin sa'a guda wannan taimako ne. Idan ya zarce watanni, waɗannan sinadarai suna ƙona kuzari ko mutum yana kwance, suna farfasa furotin ɗin tsoka, suna danne waɗanda ke gina ta. Mai yunwa jikinsa yana tattalin tsoka, ya fara cin kitse, ya rage kashe kuzari. Mai ramar zuciya jikinsa yana cin tsoka da kitse da ƙashi gaba ɗaya. Shi ya sa tuwo kaɗai ba ya warkar da ita.

A 1997 Stefan Anker da Andrew Coats da abokansu a Landan suka sa wa abin lamba. Cikin majinyata 171, mutum 28 sun rasa fiye da kashi 7.5 cikin 100 na nauyinsu, ba tare da lissafin ruwa ba. Cikin wata 18 rabin waɗannan suka rasu, alhali a cikin sauran kashi 17 cikin 100 ne suka rasu. Wani nazari da ya fi wannan girma a 2003 ya saukar da iyakar zuwa kashi 6 cikin 100, ya kuma nuna cewa maganin enalapril, wanda ke toshe hanyar anjiyotensin, yana rage yiwuwar ramar. An ga irin wannan tasiri ga carvedilol, mai kwantar da tasirin adirenalin. Magungunan da aka ƙera musamman don kashe TNF kuwa, da aka gwada su a farkon shekarun 2000, ba su amfanar da masu ciwon zuciya ba. Wani bincike a Jamus a 2013 ya ƙara da cewa kusan mutum 1 cikin 5 na masu gazawar zuciya sun rasa tsoka sosai, wasunsu ba tare da nauyinsu ya ragu ba.

Wannan fahimta ta rushe wata tsohuwar shawara. A shekarun 1960 George Burch a New Orleans yana kwantar da mata masu ciwon zuciyar jego a gado na tsawon watanni, da nufin a hutar da zuciya. Coats ya kawo hujjar cewa raunin tsoka da kansa yana ƙara haki da gajiya, yana kuma ƙara ingiza sinadaran firgita, sai abin ya zama zagaye. A yau, da zarar ciwon ya lafa, likitoci suna umartar majinyaci da motsa jiki daidai ƙarfinsa.

Yamai, Sakkwato, Kano

Yayin da ake wannan a Turai da Amurka, labarin matan Sahel ma yana sauyawa. A 1992 Arnaud Cénac da abokansa a Yamai suka ba da rahoton cewa mata masu ciwon zuciyar jego suna da ƙarancin seleniyam a jini. Seleniyam sinadari ne da jiki ke buƙata ɗan ƙanƙani don kare tsoka, har da tsokar zuciya, kuma yawansa a hatsi ya danganta da ƙasar da aka shuka shi. An san haɗarin rashinsa tun daga gundumar Keshan a arewa maso gabashin Sin, inda a 1935 wani ciwon zuciya ya ɓarke a tsakanin yara da mata masu haihuwa na gidajen manoma da ke cin abin da gonarsu kawai ta ba su; a shekarun 1970 aka nuna cewa ba da seleniyam yana rage shi ƙwarai.

A 2007 Isezuo da Abubakar na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka samu adadin mace 1 cikin haihuwa 102 a Sakkwato, wato bayan shekara 30 abin bai ja da baya ba. A Kano, Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano ya ɗauki batun. A 2015 ya ba da rahoton cewa kusan kashi 77 cikin 100 na majinyatansa suna da matsanancin ƙarancin seleniyam, a kan kashi 22 na masu jego lafiyayyu, kuma zama a karkara yana ƙara yiwuwar wannan ƙaranci. Sannan ya jagoranci rajistar ƙasa baki ɗaya mai suna PEACE, wadda sakamakonta na 2020 ya ƙunshi majinyata 406, mafi yawansu daga arewa maso yamma, inda adadin ya kai mace 1 cikin haihuwa 96.

Da aka tace alƙaluman, wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin sanadi mai zaman kansa ba, domin lafiyayyun ma suna yin su. Abubuwan da suka fito su ne rashin karatun boko, rashin aikin yi, hawan jinin masu ciki, da ƙarancin nauyin jiki. Bayan shekara 40 ana tuhumar tukunyar wanka, sai ga shi yatsa ya koma kan talauci da jikin da ya shiga ciwo ba shi da ajiya.

Nauyin da aka auna bayan ciwo ya kama yana iya zama sanadi, yana iya zama sakamako, kuma a karkarar Kano sau da yawa duka biyun ne. Yarinyar da ta tashi a kan tuwo da miyar kuka, ta yi aure jikinta bai gama ginuwa ba, ta haihu a jere tana shayarwa, ta riga ta zo da rama ta farko. Idan zuciya ta gaza, rama ta biyu tana hawa kan ta farko. Majinyacin Landan da ya rasa kashi 6 cikin 100 yana da abin da zai rasa. Matar da nauyinta kilo 50 ne, kilo 3 kacal ya kai ta wannan iyaka, kuma lita 3 ta ruwa a ƙafa da ciki ta isa ta ɓoye shi daga sikeli.

Abin da tarihin ya bar mana

Darasi na farko na ma'aikatan lafiya ne, daga babban asibiti har ƙaramin asibitin ƙauye. Nauyin da ke da ma'ana shi ne wanda aka auna bayan kumburi ya sauka, aka rubuta a kati, ake kuma sake aunawa a kowace zuwa. Awon kaurin damtse, wanda ma'aikatanmu suka ƙware a kansa wajen yara masu tamowa, yana da amfani ga manya, domin ruwa bai cika taruwa a damtse ba. Sikeli da tef ba su buƙatar lantarki.

Na biyu na dangi ne, musamman mu da ke birni muke aika kuɗin magani gida. Saɓewar kumburi ba ita ce warkewa ba. Maganin fitsari yana kawo sauƙi nan take, shi ya sa ake riƙe shi a watsar da sauran, alhali waɗanda ba a jin aikinsu a rana ɗaya su ne ke tsawaita rai su kuma rage rama. Wasu daga cikinsu ba su halatta ga mai ciki ba, don haka likita ne zai zaɓa, kuma duk macen da ta taɓa wannan ciwo tana buƙatar shawararsa kafin wani cikin. Umarnin rage gishiri da Maggi da kanwa kada ya zama dalilin ba majinyaci abinci salam da zai ture. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a sa wake da ƙwai da nono da awara da kifi gwargwadon hali, sai fa in likita ya ce ƙoda ta taɓu. Al'adar jego da kanta ta san wannan, tunda ita ce ta tanadi ƙauri da gasasshen nama ga mai jego. Wannan ɓangare nata ya cancanci a raya shi ya kuma wuce ranar suna.

Na uku na masu tsara manufa ne. Mafi yawan alƙaluman da ake da su a kan ramar zuciya an tattara su ne daga tsofaffin Turawa. Kano tana da majinyata da ƙwararru da tarihin bincike na rabin ƙarni da za su ba ta damar auna nata. Awon ciki da ke kama hawan jini da wuri, da abincin 'yan mata kafin aure, da tazarar haihuwa, duk aikin kare zuciya ne ko da ba a rubuta su a kasafin sashen zuciya ba.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, ko manomin da fartanya ta fara yi masa nauyi rigarsa kuma ta yi masa yawa a kafaɗa, a kai su a duba zuciyarsu, a kuma ɗora su a sikeli tun kafin ƙafa ta kumbura.